Zagayen ƙauyuka da duwatsun Abzin da wani kamfanin yawon buɗe ido na Agadas: inda ya kyauta da inda ya gaza

Kamfanonin da ke ɗaukar baƙi daga Agadas su shiga da su cikin duwatsun Abzin sun ragu ƙwarai idan aka tuna yadda suke kafin tawayen 2007, lokacin da jiragen haya ke tasowa daga Faransa su sauka kai tsaye a filin jirgin sama na Mano Dayak, cike da Turawa masu marmarin ganin hamada. Waɗanda suka rage ƙanana ne, yawancinsu jarinsu bai wuce 'yan motoci ba, kuma da ɗaya daga cikinsu muka yi tafiyar da nake wannan sharhi a kanta, ni da wasu abokan aikina daga Damagaram, a cikin hunturu. Hukuncina shi ne hidimar ta ci kuɗinta ta fuskar sanin hanya, abinci da kula da lafiyar baƙo, amma tsarin tafiyar an yanka shi ne daidai da Baturen da ke ɗokin isa tudun yashi, ba daidai da Bahaushen da ya zo ganin ƙasar da yake da rabo a cikin tarihinta ba. Wanda bai san wannan ba kafin ya biya kuɗi, zai yini a cikin mota, sannan a ba shi ɗan lokaci kaɗan a wuraren da suka fi cancantar a zauna.

Cinikin ta WhatsApp muka yi shi, kuma mai kamfanin yana amsa saƙo da wuri, cikin Hausa mai kyau, domin Hausa ce harshen kasuwa da titi a Agadas. Tsarin da ya aiko ya ƙunshi tsohon garin Agadas, da Elmeki, da Timiya, da kufan Asode, da Iferwan, da zanen raƙuman dawa na Dabus, sannan ya yi alkawarin hawa tudun Bagzan ta ɓangaren Tabelot. Farashin kuwa a dunƙule ya kawo shi, sai da muka matsa kafin ya rarraba mana abin da ya shafi mai, da hayar mota, da ladan jagora da kuku, da kuɗin takardu. Da ya rarraba, mun ga cewa mai ne ya cinye kaso mafi girma, kuma ban ga zalunci a lissafin ba, domin bayan an bar Agadas ba a dogara da samun gidan mai, dole a yi guzurinsa a jarka. Duk da haka bai kamata sai baƙo ya roƙa kafin ya san abin da yake biya ba, musamman da yake ana karɓar kafin alƙalami mai kauri tun kafin a ga motar.

Maganar tsaro ba abin ɓoyewa ba ce, kuma na yaba wa kamfanin da bai ɓoye ta ba. Yankin ya ga tawaye daga 1990 zuwa 1995, ya sake ganin wani daga 2007 zuwa 2009, an sace ma'aikatan kamfanin uraniyom a Arlit a 2010, kuma a 2025 an sace wasu mata biyu 'yan Turai a cikin garin Agadas kansa. Kamfanin ya karɓo mana takardar izinin tafiya daga hukuma, ya gaya mana tun farko cewa ba a tuƙi da dare, kuma akwai wayar tauraron ɗan Adam a cikin motar saboda wuraren da layin waya ba ya kaiwa. Wanda ya zo daga wata ƙasa, ko da daga Katsina ko Kano ne, ya tambaya tun da wuri ko ana bukatar rakiyar sojoji a lokacin zuwansa, domin dokar tana sauyawa da yanayi, kuma kuɗin rakiyar a kan baƙo yake komawa.

A Agadas aka fara, kuma a nan na fara ganin giɓin da ke cikin hidimar. Tsohon garin, mai unguwanni 11, ya shiga jerin wuraren tarihi na duniya na hukumar UNESCO a 2013. Hasumiyar babban masallacinsa, wadda aka gina da laka zalla aka kafa mata itatuwa a jiki, tsawonta mita 27 ne, asalinta na farkon ƙarni na 16 ne, an kuma sabunta ta a 1844. Jagoranmu ya san waɗannan duka, ya kai mu ƙofar fadar Sarkin Abzin, ya kuma nuna mana gidan da Baturen nan ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya sauka a 1850. Amma bai ambaci Malam Jibrilu ɗan Umaru ba, malamin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya yi tattaki har Agadas domin karatu a gabansa, sai da ɗaya daga cikinmu ya ɗauko zancen. Da aka ɗauko, sai ga shi ya san labarin sarai, har ya ƙara mana da abin da tarihin baka yake faɗa cewa Gobirawa a Abzin suka zauna kafin su gangara kudu. Ilimin yana nan a kansa, shekaru ne da ya yi yana yi wa Turawa bayani suka sa ya saba fara zance daga Barth.

Hanyar Timiya ta wuce kilomita 200, kuma babu kwalta a mafi yawanta. Ana ratsa fili mai tsakuwa, a shiga kwaruruka masu yashi inda goruba da aduwa da bagaruwa suke bin gefen ƙorama, sannan a hau kan baƙaƙen duwatsu waɗanda aman wuta ya bari tun zamanin da ba a san adadinsa ba. A Elmeki, garin da aka sani da haƙar kuza, an tsaya ne kawai don salla da shan shayi. Direban dattijo ne mai natsuwa wanda ya san inda zai rage iskar taya kafin ya shiga yashi da inda zai mayar da ita kafin ya hau dutse, kuma bai taɓa sa mu tuna masa da lokacin salla ba. Motar Toyota Land Cruiser ce tsohuwa amma mai lafiya. Abin da ban so ba shi ne safaya ɗaya tak da aka ɗauko a hanyar da duwatsunta ke yanka taya, kuma ina ganin duk mai yin ciniki ya sa sharaɗin safaya biyu.

Timiya ce ta biya wahalar hanyar, kuma a nan ne kamfanin ya fi burge ni. Garin yana kwance a gefen wani faffaɗan kwari, duwatsu masu duhu sun kewaye shi, lambuna kuwa sun bi bakin ƙoramar sun yi kore shar a tsakiyar ƙasar da ko ciyawa ba ta cika yi ba. A sama akwai dabino, a ƙarƙashinsa lemun zaƙi da garehul da rumman da ɓaure da inabi, a ƙasa kuma fangalin alkama da albasa da tafarnuwa da tumatir, ta yadda kowane tsiro yana cin inuwar wanda ya fi shi tsawo. Jagoranmu yana da dangi a garin, saboda haka ba daga bayan shinge muka leƙa ba, cikin lambun kawunsa aka shigar da mu, aka shimfiɗa mana tabarma, aka tsinko mana lemu daga bishiya. Wannan shi ne amfanin ɗaukar ɗan ƙasa a matsayin jagora, kuma ba abu ne da kuɗi kaɗai ke saye ba.

A wannan lambu muka ga tsohuwar hanyar ban ruwa da ake kira takarkart. An kafa itatuwa a bakin rijiya da kura biyu, an ɗaura guga na fata mai dogon baki, raƙumi ko sa yana jan igiya yana nisa da rijiyar, idan gugan ya iso sama sai bakinsa ya sauka da kansa ya juye ruwan a cikin kututturen da aka fafe, ruwan ya bi magudana zuwa fangali. Yaro ɗaya yana kora dabbar, wani yana buɗe fangali yana toshewa da fartanya. Aikin ya yi kama da na jigo a fadamunmu, sai dai nan ƙarfin dabba ne a madadin dantsen mutum. Yawancin maƙwabtansa sun koma injin ban ruwa, wasu kuma famfo mai aiki da hasken rana, kuma dattijon ya koka mana cewa tun da injuna suka yawaita sai an riƙa ƙara wa rijiyoyi zurfi. Ban zarge su ba ko kaɗan, domin albasar Abzin har ƙasashen bakin teku ake kai ta, kuma mai iyali ba zai ƙi abin da zai ninka masa amfanin gona ba. Amma na ji daɗi da jagoran bai nuna mana lambun a matsayin kayan kallo ba, ya bar mai lambun ya yi maganar ruwa, da farashin mai, da wahalar kai lemu Agadas a kan wannan hanya kafin ya lalace.

Mutanen Timiya Abzinawa ne na ƙabilar Kel Ewey, kuma suna daga cikin waɗanda suka fi riƙe fataucin gishiri. Bayan damina ayarin raƙuma yana tashi daga Abzin ya ratsa hamadar Tenere zuwa Fashi da Bilma, a kai gero da sauran kaya, a ɗauko kantun gishiri da dabino, a dawo gida a huta, sannan a gangara kudu zuwa Damargu da Damagaram har ƙasar Kano, a sayar a sayo gero da tufafi. Baƙin rawani mai ƙyalli da dattawansu ke naɗawa ranar biki, a Kura ta jihar Kano ake rina shi a buga shi. Shi ya sa tsofaffin garin da suka yi fatauci suke jin Hausa tsaf, kuma da suka ji daga Damagaram muke, suka shiga lissafa mana unguwanni da kasuwannin da suka sauka a zamanin ƙuruciyarsu. Wannan hira, wadda ta fi mini komai daɗi a tafiyar, ba ta cikin tsarin kamfanin. Mu muka nemi a bar mu mu zauna bayan magariba, kuma da mun bi jadawalin yadda aka rubuta shi, da ba mu same ta ba.

Sauran abubuwan kallo na Timiya an kai mu kamar yadda aka yi alkawari. Akwai magangarar ruwa a wajen gari, inda ruwa ke zubowa ta tsagar baƙin dutse ya taru a wani gurbi mai sanyi ƙwarai, kuma ƙarfinsa ya danganta da yadda daminar ta kasance. Akwai kuma tsohon barikin sojan Faransa a kan tudu, wanda aka gina a farkon shekarun 1950 ake kiransa da sunan wani hafsan sojan Faransa, Massu, daga samansa ana hango garin da lambunansa gaba ɗaya. Hawansa da yamma ya fi, lokacin da rana ta yi sanyi.

Kukun ya cancanci yabo na musamman. Da kayan aiki kaɗan yake fitar da shinkafa da miya, da taliya, da naman akuya, ga kayan lambu ɗanye da ya saya a hannun masu lambun da muka ziyarta, abin da ya sa wani ɓangare na kuɗinmu ya tsaya a ƙauyen. Ya gasa mana tagella, burodin da ake binnewa cikin yashi mai zafi da toka, a kakkaɓe shi a gutsuttsura cikin miya, kuma a hanya an ba mu furar Abzinawa wadda ake haɗawa da gero da dabino da cuku, mai riƙe ciki tun safe har la'asar. Shayi kuwa zagaye uku ne a kowane zango. Ruwan sha bai taɓa yankewa ba. Wurin kwana ne yake da gyara: katifun sirara ne, barguna ba su isa ba ga sanyin dutse na hunturu wanda ke shiga har ƙashi kafin asuba, kuma babu wani tanadi na kewayawa ga matan da ke cikinmu a zangon daji sai da muka yi magana aka kafa labule. Kamfanin da ke son iyalan Hausawa su zama abokan cinikinsa dole ya fara da wannan.

Babban ƙorafina a kan Asode yake. Wannan kufai, da ke tsakanin Timiya da Iferwan, ya taɓa zama gari mafi muhimmanci a cikin duwatsun Abzin, zangon ayarin da ke ratsa hamada, kuma mazaunin Anastafidet, shugaban Kel Ewey. Ya fara ja baya ne da raguwar cinikin hamada, sannan rikicin 1917 ya ƙarasa shi. A ƙarshen 1916 Kawsan, wani jagoran Abzinawa, ya ɗaga tutar yaƙi da Faransawa tare da goyon bayan Sarkin Abzin Tagama, suka tsare barikin Agadas har zuwa watan Maris na 1917, lokacin da dakaru suka zo daga kudu suka karya tsarewar. Ramuwar da ta biyo baya ta yi muni: an kashe malamai a Agadas, an kwashe jama'a daga duwatsu, an hallaka dabbobi, garuruwa suka zama kango. An kashe Kawsan a Murzuk ta ƙasar Libiya a 1919, Tagama kuma ya rasu a kurkuku a Damagaram a 1920, wato a garinmu. Yau abin da ya rage a Asode shi ne bangayen dutse na gidaje masu yawa, da layukan da har yanzu ana gane inda suka bi, da ragowar babban masallaci, da fasassun tukwane warwatse a ƙasa.

Wuri irin wannan yana bukatar a isa da sassafe, a zagaya a ƙafa, a zauna a saurari wanda ya san abin da ya faru. Mu kuwa da tsakar rana aka sauke mu, rana tana dukan duwatsun, aka ce mu ɗauki hoto mu koma mota domin a kai Iferwan kafin duhu. Bayanin da aka yi mana bai wuce cewa tsohon gari ne da aka watse ba. Ban ɗora wa jagoran laifi ba, domin na ga alamar shi ma ransa bai so ba, jadawalin ne ya ɗaure shi, kuma jadawalin an gina shi ne a kan isa bakin Tenere da wuri, inda tsofaffin abokan cinikin kamfanin suke son kwana a kan yashi. Abin ya dame ni ƙwarai, domin garin da kakanninmu suka yi ciniki da shi, wanda sarkin da ya shiga yaƙin da ya kawo ƙarshensa ya cika a Damagaram, bai kamata a wuce shi kamar tashar shan mai ba. Na kuma lura babu mai gadi babu allon bayani, kuma jagoran ne da kansa ya hana wani daga cikinmu ɗaukar guntun tukunya, abin da na yaba masa a kai.

Iferwan gari ne mai faɗi a ƙarƙashin dutsen Tamgak, kuma a nan ake yin bikin al'adun Abzin da ke tara masu raƙuma da makaɗa da maƙera. Yana bakin gandun dajin Abzin da Tenere, mai faɗin hekta miliyan 7.7, wanda UNESCO ta sa a jerinta a 1991, ta kuma mayar da shi cikin wuraren da ke fuskantar haɗari a 1992 saboda tawaye. Kada a ruɗi kowa da alkawarin ganin namun daji da yawa, domin farauta da fari sun rage su matuƙa. Mu barewa muka hanga daga nesa, sai tsuntsaye. Maƙeran garin gwanaye ne wajen aikin azurfa da sassaƙa farin dutse mai laushi, kuma saye a hannunsu taimako ne na gaske ga mutanen da kasuwarsu ta mutu da ɗaukewar baƙi. Sai dai an tsayar da mu wurin masu sayar da kaya fiye da yadda muka nema, har lokacin da aka kashe a nan ya fi wanda aka ba Asode.

Bagzan kuwa ba mu je ba. Tudun nan shi ne ke ɗauke da ƙololuwar Idukal-n-Taghes mai tsawon mita 2,022, wadda ta fi kowane dutse tsawo a Nijar, kuma a samansa akwai ƙauyuka da lambuna da aka daɗe ana isa gare su a ƙafa ko a kan jaki. Sai da tafiya ta yi nisa aka sanar da mu cewa lokaci ba zai isa ba. Gaskiya ne ba zai isa ba, domin Tabelot tana wani ɓangare dabam, kuma duk wanda ya san ƙasar ya san haka tun ranar da aka rubuta tsarin. Da muka koma Agadas mai kamfanin ya ba da haƙuri ya mayar mana da wani abu daga kuɗin ba tare da jayayya ba, kuma wannan ya rage mana ɓacin rai, amma alkawarin da aka san ba zai cika ba bai kamata a rubuta shi don a ja hankalin mai saye ba.

A hanyar dawowa, kusa da titin Arlit zuwa Agadas, aka ratse da mu Dabus. A kan wani faffaɗan dutse an sassaƙa raƙuman dawa biyu, babban ya kai mita 5.4, an fitar da zanen fatarsa da siffar ƙafafunsa da wata irin ƙwarewa mai ban mamaki, kuma masana suna ƙiyasta shekarunsa da dubbai, tun lokacin da wannan ƙasa take da ruwa da ciyawa. A 1987 ne labarinsa ya isa ga masu bincike na waje, kuma akwai ɗaruruwan ƙananan zane a duwatsun da ke kewaye. A nan kamfanin ya yi daidai: an iso da hantsi lokacin da hasken rana ke fito da zanen, an sa mu cire takalma kafin mu hau dutsen, an hana taka sassaƙar, kuma an biya masu gadin wurin a gabanmu.

Zan iya sake tafiya da wannan kamfani, kuma zan iya tura ɗan'uwana gare shi, amma da sharuɗɗan da za a rubuta kafin a ba da kafin alƙalami: a ƙara kwana a Timiya, a isa Asode da safe tare da wanda ya san tarihinta, a ware Bagzan da Tabelot su zama tafiya mai zaman kanta, a kawo safaya biyu da barguna isassu, a kuma faɗi abin da za a mayar idan an soke wani zango. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacin da ya fi dacewa, domin daga Afrilu zafi yana tsananta, a damina kuma ƙoramu suna kawo ruwa ba zato su datse hanya. Wanda yake son ya ga ayarin gishiri yana shirin tashi zuwa Bilma, sai ya nemi kamfanin ya tuntuɓi mutanen Timiya tun watan Satumba, domin madugai ne ke sa ranar tashi, ba kamfani ba.